Kafin Ka Biya Kuɗin Tanki Ko Baho, Duba Jikinsa

Iyayenmu mata ba sa sayen randa da ido kaɗai. Idan maginiya ta baje kayanta a kasuwa, sai ka ga tsohuwa ta durƙusa, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikin randar, ta kara kunne. Wadda ta gasu sosai za ta amsa da ƙara mai zaƙi, wadda ke da tsaga ko ba ta ji wuta ba sai ta yi wani dum, kamar an buga buhun hatsi. Daga nan ta shafa ciki da tafin hannu, ta juya gindi ta duba, sannan a fara ciniki. Zanen da aka yi wa wuyan randa shi ne abu na ƙarshe da take kallo.

Wannan ilimi tsoho ne a Daura. Labarin rijiyar Kusugu ya ce kafin zuwan Bayajidda, ranar Juma'a kaɗai macijin ke barin mutane su ɗebi ruwa, kuma duk garin da ke ɗibar ruwan mako a yini guda dole ya san mazubi mai kyau. Yau randar ta koma tankin roba a kan ƙarfe. Daga cikin birni har Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, da wuya ka ga sabon gini, masallaci ko makarantar Islamiyya da aka haƙa wa burtsatse ba tare da baƙin tanki a sama ba. Amma yadda muke sayensa abin takaici ne. Mutum zai tsaya daga bakin shago, ko ma ya kira yaronsa a Kano ta waya, ya ce a ɗoro masa “jipi” mai lita dubu biyu a mota. Sunan kamfanin Geepee ne ya bi kowane tankin roba, kamar yadda Omo ya bi kowane garin sabulu, alhali kamfanonin da ke yin tanki suna da yawa, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Kan famfo, murfi, bututu, duk ana canza su da kuɗi kaɗan. Jikin tanki kuwa idan ya tsage, ya tafi. Robar da ake yinsa da ita, wadda masana ke kira foliyetilin, ba ta kama gam. Sai dai a narka wata robar a liƙe da wuta, kuma liƙin da aka yi kusa da gindi ba kasafai yake daɗewa ba, domin nan ne nauyin ruwa ya fi dannawa. Na ga wannan a gidan maƙwabcina: tanki bai cika shekara biyu ba ya buɗe ta ƙasa cikin dare, ruwan ya jiƙa katangar ƙasa ta gidan da ke bayansu har ta zube. Allah ya tsare babu wanda ke kwance a gindinta.

Yana da kyau ka san yadda ake yin abin. Garin roba ake zubawa a cikin wani babban mazubin ƙarfe, a rufe, a sa a wuta ana jujjuya shi ta kowane ɓangare har garin ya narke ya lulluɓe bangon mazubin, sannan a bar shi ya huce. Shi ya sa tanki ba shi da ɗinki. Ha'inci da kuskure suna shiga ta ƙofa uku: a rage garin da aka zuba, jiki ya yi siriri, a gauraya shi da tsohuwar robar da 'yan jari-bola suka tara aka niƙa, ko wutar ta gaza ko ta zarce. Dukansu ukun ana iya gano su a shago, ba tare da wata na'ura ba.

Fara da hanci. Buɗe murfin ka sa kanka ciki. Sabuwar roba ba ta da wani wari mai ƙarfi. Idan ka ji ƙauri, ko warin mai, ko wani ɗaci da ke shaƙe maƙogwaro, to ko dai tsohuwar roba ce da ba a san me ta taɓa ɗauka ba, ko an ƙona ta wajen gashi. Ruwan da 'ya'yanka za su sha zai kwana a nan cikin zafin rana. Ka bar shi, ko nawa aka rage maka.

Tun da kanka na ciki, sa a kwantar da tankin a rana ka duba bangonsa. Bai kamata haske ya ratso ba ko kaɗan. Inda ka ga wani wuri na sheƙi ja-ja, nan ne robar ta yi siriri. Hasken da ke ratsowa kuma shi ke haifar da gansakuka, ruwa ya koma kore yana yauƙi. Wannan ne dalilin da ya sa na fi yarda da baƙin tanki a ƙasarmu: sinadarin baƙin da ake gauraya wa robar shi ke tare hasken rana ya hana ta tsufa da wuri. Mafi kyau shi ne mai hawa biyu ko uku, wanda cikinsa fari ne, ka ga datti idan ya taru, amma akwai baƙin hawa a jikinsa da ke tare haske. Kada ka yarda da baki cewa hawa uku ne. Dubi bakin tankin inda aka yanke, ko ramin da aka huda don bututu, za ka ƙirga hawan da idonka, ka kuma ga kaurinsu.

Sai ka shafa cikin. Ya zama sumul. Idan yana da kaushi kamar yashi, ko ka ga ƙananan ƙuraje da ramuka, garin bai gama narkewa ba, kuma irin wannan ne ke fashewa idan ya faɗo daga mota. Idan farin da ke cikin tankin ya koma ruwan ɗorawa, wuta ce ta yi yawa. Ta waje kuma, goga yatsa: in ya bar maka gari a hannu, ko launin ya koɗe ta gefe ɗaya, tankin ya shekara a ƙofar shago rana na cinsa, ka sayi abin da ya riga ya ci wani kaso na rayuwarsa.

Nauyi ma shaida ne. Ka ɗaga tankuna biyu masu lita ɗaya na kamfanoni dabam-dabam, ko ka sa yara su ɗaga maka. Bambancin zai ba ka mamaki. Ka kuma danna gwiwarka a ƙasan bangon, kusa da gindi. Mai kyau zai ɗan motsa ya dawo, marar kyau zai lotsa kamar jarkar da ta sha rana. Layukan nan da ke zagaye jikin tanki ba ado ba ne, ɗamara ce da ke hana shi kumbura, don haka su zama masu zurfi, ba zane kawai ba.

A duba suna da adadin lita, su kasance an fito da su a jikin robar tun daga mazubi, ba takarda aka manna ko fenti aka fesa ba. A nemi tambarin hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, a kuma karɓi rasit mai sunan shago da alkawarin garanti a rubuce. Tambari ana iya kwaikwayonsa, shi ya sa na sa shi bayan hanci da hannu. Idan tanki ya iso gida kana shakkar girmansa, lissafin mai sauƙi ne: jarka mai lita 25 guda 40 ke cika lita 1,000.

Akwai wani abu da ke damuna ƙwarai. Ana sayar da farin tanki mai kusurwa huɗu a cikin kejin ƙarfe, da shuɗin duro mai lita 200, da araha. Waɗannan mazuban masana'antu ne da aka shigo da kaya a ciki. Wasu kayan abinci suka ɗauko, wasu kuwa sinadarai ne, kuma mai sayarwa galibi bai san wanne ne wanne ba. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki da omo ba ya fitar da shi duka. A yi kwaɓin siminti da su, a yi ban-ruwan shuka, amma kada a sha ruwan da aka zuba a cikinsu.

Tanki mai kyau ma yakan mutu a hannun mai walda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika ya kai tan biyu, nauyin buhun siminti 40 ke nan a saman kanka. Duk da haka sai ka ga an gitta ƙarafa uku an ɗora shi, gindin na lotsawa a tsakaninsu. Dole ne duk faɗin gindin ya zauna a kan shimfiɗa ɗaya madaidaiciya, farantin ƙarfe ko katako mai kauri da aka jera ba rata, babu kan ƙusa ko tsinin walda. A ɗaure shi, domin guguwar farkon damina tana ɗauke tankin da ba ruwa. Bututun da ke fita kuma a tallafe shi da kansa, kada nauyinsa ya rataya a jikin robar, don daga wannan ramin yawancin tsaga ke farawa. Maganar zafin ruwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, maganinta rumfa ce a sama da tanki, a bar rata iska na wucewa. Rumfar tana ƙara masa shekaru.

Yanzu ga masu gina gidan zamani da ke son bahon wanka, ko wanda ake kira jakuzi, mai feso ruwa ta gefe. Sunan wasu iyali ne 'yan asalin Italiya da suka zauna a Kaliforniya ta Amurka, Jacuzzi, waɗanda suka fito da bahon da ke haɗe da injin fesawa a shekarar 1968. Idan ka shiga shagunan kayan gini a Kano, wajen Ƙofar Ruwa da sauransu, za a nuna maka fitilu masu launi, da rediyo, da yawan ramukan fesawa. Ka roƙi a juya maka bahon ka ga bayansa, domin ta gaba dukansu fari ne mai ƙyalli.

Mafi yawansu faranti ne na roba mai ƙyalli da ake kira akirilik, a gasa shi a lanƙwasa, sannan a yaɓa masa faiba ta baya don ya yi ƙarfi. Ka dubi bakin ramin fitar ruwa: a mai kyau za ka ga farin hawan da kauri, milimita huɗu zuwa biyar, launinsa ɗaya har ciki. A na arha farin ɗan siriri ne kamar fenti a kan faiba, kuma shi ne bayan ɗan lokaci yake yin tsage-tsage kamar saƙar gizo, ya dushe, datti ya kama shi. Faibar bayan ta zama ta rufe ko'ina daidai, ba busassun zaruruwa a tsaye, ba wurin da haske ke ratsawa idan ka haska fitilar waya, musamman a kusurwoyi inda farantin ya fi miƙewa. A ƙarƙashin gindin a sami katako mai kauri da aka lulluɓe cikin faibar, da firam na ƙarfe mai ƙafafu. Cire takalmi ka shiga ka tsaya. Idan ya lotsa ko ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarka yana fanko, ka tuna za a ƙara masa ruwa lita 150 zuwa 200, ko fiye.

Akwai na ƙarfe mai rufin tangaran, wanda maganaɗisu ke kamawa. Yana da ƙarko, amma halinsa irin na kwanon langa ne: inda ya ɓantare, nan tsatsa za ta shiga. Ka bi gefunansa da yatsa kafin a ɗora a mota, ka sake bi bayan an sauke, domin tafiyar Kano zuwa Daura ta isa ta ɓantare shi idan ba a yi masa shimfiɗa ba.

Mai injin fesawa yana da ƙarin sharuɗɗa biyu da ba na sassautawa a kansu. Na farko, a bar ƙofar da za a kai ga injin da bututunsa. Sau da yawa mai tayil yakan rufe ko'ina, ranar da wani bututu ya fara yoyo sai an fasa banɗakin. Na biyu, wuta da ruwa ne a wuri ɗaya da jikin mutum a tsakani. Dole a sa wayar ƙasa ta gaskiya da na'urar da ke katse wuta nan take idan ta zurare, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ya haɗa, ba mai gyaran famfo ba. Zafin ruwan kada ya wuce digiri 40.

Ra'ayina a kan jakuzi a Daura shi ne, mutum ya yi lissafin ruwansa tukuna. Cika shi sau ɗaya jarka shida ce zuwa takwas, ko sama da haka. Idan kuma aka bar shi ba a amfani da shi, ruwan da ya maƙale a bututun yakan ruɓe, ranar da aka kunna ya feso baƙin datti. Wanda ba shi da burtsatse da tsayayyar wuta, baho marar inji mai jiki mai kauri ya fi masa, ragowar kuɗin ya ƙara a kan tanki da ƙarfen da zai ɗauke shi.

Roƙona ga magidanta shi ne kada a yi wannan sayayya ta waya. Ka je da kanka, ko ka tura wanda zai sa kansa cikin tankin ya shinshina, ya danna, ya ɗaga. Mai shagon da ya hana ka buɗe murfi ko juya baho, ka yi masa sallama ka shiga shago na gaba.