Idan motarka ta ƙi buɗe ido: gyaran fitilar gaba mai ɗagowa

Jefi-jefi akan ci karo da su a hanyoyin Madawa da Buza da Keita, tsofaffin motocin nan da fitilarsu ta gaba ke kwanciya cikin jiki da rana, ta ɗago in an kunna ta da dare. Akasarinsu ƙirar Japan ne: Mazda 323F ta 1989 zuwa 1994, Honda Prelude, Toyota Celica, da wasu Honda Accord na 1986 zuwa 1989. Kamfanoni sun bar wannan ƙira, motocin ƙarshe da aka yi da ita su ne Chevrolet Corvette da Lotus Esprit a 2004. Saboda haka sabon kayan gyara ya yi wuya, kuma da zarar ido ɗaya ya ƙi tashi sai ka ga an ɗaure shi da waya ko an tokare shi da guntun itace. Wannan ɗauri nake so mu daina. Fitilar da aka ɗaure da waya rawa take yi a kan gargada, haskenta ya yi sama ya yi ƙasa, kuma wanda ya taɓa bin hanyar Buza zuwa Keita da dare, ga duwatsu ga amalanken jaki marar ko ƙyalli, ya san abin da wannan rawa ke iya jawowa.

A yawancin lokuta injin fitilar bai mutu ba, ƙura da daskararren giris ne suka shaƙe shi. Bayan kowace fitila akwai ƙaramin injin lantarki, ɗan uwan na goge gilashi. Yana juya wani faifan roba mai haƙora, faifan ya juya ɗan hannu, hannun ya tura sandar da ke ɗaga fitila. A motocin Japan gefe ɗaya kawai yake juyawa: rabin zagaye fitila ta tashi, sauran rabin ta kwanta. Cikin gidan faifan akwai farantin tagulla da ƴan harsuna masu gogarsa, su ke yanke wuta in an kai sama ko ƙasa.

Kafin ka sa hannu, cire kan batir na mas. Ina nanata wannan domin injin nan na da ƙarfin murƙushe yatsa, kuma yakan farka da kansa da zarar an ɗan juya shi, ko da makulli na aljihunka. Bayan haka nemi ɗan murfin roba a kan injin. Ƙarƙashinsa akwai maƙunnin da ake murzawa da hannu. Murza shi a hankali. In fitila ta tashi sumul, ƙarfe lafiya lau, matsalar ta wuta ce. In ta yi tauri ko ta cije a hanya, to ka duba gaɓoɓi da sanda, wataƙila an taɓa bugun motar ta gaba, wani abu ya tanƙware.

Matsalar wuta kuma, motar da kanta za ta nuna maka. Ido biyu sun ƙi tashi lokaci ɗaya: fara da fiyus, sannan makunni, sannan rile, domin da wuya injina biyu su mutu rana ɗaya. Ido ɗaya ne ya ƙi: zare soket ɗinsa ka duba ko ya yi tsatsa ko kore, ka kankare wayar mas inda take ɗaure a jikin mota. In motar na da rile biyu, musanya su ka ga ko ciwon ya koma ɗaya idon. Sannan a mayar da batir, wani ya kunna, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin injin da ƙotar sukuddireba, hannunka nesa da sanda. In ya zabura ya tashi, gawayin cikinsa ne ya cinye. Mai gyaran wutar mota zai iya samun gawayi na wani ƙaramin inji ya goge shi har ya yi daidai, aiki ne da suka saba yi a kan injin goge gilashi.

Idan kana jin kukan injin amma fitila ba ta motsi, duba bakin sanda tukuna. Akwai ƴar robar da ke riƙe ƙwallon gaɓa, zafin yankin Ader na watan Afrilu da Mayu kan busar da ita har ta tsage, sanda ta zame. In sanda na nan daram, to haƙoran faifan ne suka zube, kuma nan ne kawai nake yarda a nemi wani injin. Manna haƙora da gam ɓata kuɗi ne.

Ciwon da ya fi yawa a nan shi ne fitila ta tashi da kyar, ko ta tsaya rabi, ko ta yi ta sama da ƙasa ba ta tsayawa. Wannan aikin hunturu ne. Ƙurar da ke tashi daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shiga ta tsagaggen murfi, ta haɗu da giris mai shekara 30, su zama kamar busasshen tuwon da ya kwana a tukunya. Damina kuma ta zo, a ratsa ruwan ƙorama a kwarin Tarka ko na Maggiya, laima ta shiga ta ƙarasa tagullar. Maganinsa wanki ne. Amma kafin ka kwance notin da ke riƙe ɗan hannun, ɗaga fitila har ƙarshe ka yi alama da fenti a kan hannun da sandar injin, su yi layi ɗaya. Wanda ya manta wannan alama zai haɗa komai daidai, sannan ya ga fitila ta tsaya a karkace, ta kwanta in an ce ta tashi. Buɗe gidan faifan a kan tsumma mai tsabta, kada a kan yashi, ka lura da yadda kowace washa take. Wanke tsohon giris da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe. Goge farantin tagulla da sanfefa mafi laushi har ya yi haske, ka ɗan ɗago harsunan in sun kwanta. Sa farin giris kaɗan a haƙora da gaɓoɓi. Kada ka yarda a zuba maka baƙin man da aka juye daga inji. Ranar farko zai yi santsi, amma shi ne ya fi komai kiran ƙura. In murfin roba ya yage, yanki tsohon tiyub ka rufe wurin ka ɗaure.

In dole sai an sayo inji, na hannu za ka samu, a wajen masu kwance motoci a Maraɗi ko Ƙonni, ko a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tafi da tsohon ko ka aika shi, domin a wasu motocin na dama daban yake da na hagu, yawan wayoyin soket ma kan bambanta. A gwada shi da batir a gabanka kafin ka biya.

Kafin ya samu, ga abin da ya fi waya da itace: murza maƙunni har fitila ta kai ƙarshen sama, inda ɗan hannu da sanda suka miƙe suka kulle kansu, sannan ka zare soket ɗin injin kaɗai, ka naɗe bakinsa da leda. Fitila za ta tsaya ƙyam kuma tana kamawa. Zare soket ɗin na da wani amfani: injin da ya cije a rabin hanya yakan ci gaba da jan wuta, ya yi zafi, da safe ka tarar batir ya mutu.

Duba kuma wayoyin ƙwan da ke lanƙwashewa duk lokacin da fitila ta tashi, sukan karye a cikin rigarsu ba a gani. Bayan an gama, da magariba ka tsayar da mota a fili mai daidai tana fuskantar bango, taku goma tsakani, ka kunna ƙaramin haske. Idanu biyu su sauka a tsayi ɗaya, ɗan ƙasa da tsayin fitilar, don kada ka kashe idon direban babbar motar albasa da ke tahowa daga Galmi. In ɗaya ya ɗara, akwai kusoshin saiti a gefen ƙwan, ka juya su kaɗan kaɗan har su daidaita.