Jaka cike da kaya, babu ƙwayar maganin maleriya ko ɗaya

Da daddare aka kawo mana shi, ƙannen mahaifinsa biyu suna riƙe da shi, yana ta sambatu da Turanci. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A Kano aka haife shi, amma tun yana firamare iyayensa suka tafi da shi Ingila. Hutu ya zo, shi da abokansa suka shirya tafiya gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba, da niyyar hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Sun hau, sun sauko lafiya, sun cika Instagram da hotuna. Bai fi mako guda da dawowarsu ba zazzaɓi ya sa shi gaba.

Na buɗe idonsa, ya yi rawaya. Fitsarin da ya taru a leda ɗan kaɗan ne, kuma baƙi. Gwajin maleriya na RDT ya fito da layi biyu nan take, PCV ya faɗi, creatinine ya yi sama, sukarinsa ya yi ƙasa. Muka ɗaura masa artesunate ta jijiya, muka shiga neman gurbin wankin ƙoda cikin daren nan.

Sai na tambayi babban cikin baffannin yaushe ciwon ya fara. Ya ce kwana biyar ke nan. Na ce, Alhaji, kwana biyar kuna ina? Ya ce, "Likita, ai ba zama muka yi ba. Akwai yaron da ke da kemis a layinmu, yana da ƙoƙari ƙwarai, shi yake duba mu duka." Wannan mai ƙoƙarin ya aika aka yi gwajin Widal, ya ce taifod ne. Ya yi masa allurar diclofenac safe da yamma, yaron da ko ruwa ba ya iya riƙewa a cikinsa, ya ƙara masa ruwa leda ɗaya a kan benci. Gwaggonsa kuma ta kawo chloroquine daga cikin kwabarta, maganin da Najeriya ta daina amfani da shi wajen maleriya tun 2005. Duk tsawon kwanakin nan ba wanda ya tsaga yatsarsa ya yi gwajin da bai wuce minti 20 ba.

Washegari aka kawo jakarsa don a nemo takardun inshora. Ina tsaye aka zazzage ta. Takalmin hawan dutse mai tsada, tanti, jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, agogon da ke nuna hanya, batirin cajin waya har biyu, matacin ruwa. Yaron nan ya yi shiri, ba a cewa bai yi ba. Amma babu ƙwayar rigakafin maleriya, babu man korar sauro, babu gidan sauro. Daga baya, da ya dawo hayyacinsa, ya gaya min likitansa na can ya ba shi shawarar ya sayi Malarone. Ya kira gida, aka yi masa dariya, aka ce ɗan Kano ne zai sha maganin Turawa don sauro?

Nan ne raina ya fi ɓaci. Garkuwar da mu mazauna nan muke taƙama da ita ba gado ba ce, ba a jini take ba. Cizon sauro ne na yau da gobe yake riƙe da ita, kuma ko ita ɗin rabi ce. Wanda ya bar ƙasar shekara ɗaya ko biyu ta fara zubewa, balle wanda ya girma a waje. A Ingila, mafi yawan masu komawa da maleriya ba Turawa 'yan yawon buɗe ido ba ne, 'yan Afirka ta Yamma ne da suka zo ganin gida, kuma 'yan Najeriya na sahun gaba. Baturen yana tsoro, yana shan maganinsa. Namu shi ne ake ce masa ɗan gida ne.

Yaron ya rayu. An yi masa wankin ƙoda sau da dama, an ƙara masa jini, zangon karatunsa ya wuce shi yana kwance. Ranar sallama baffan ya riƙe hannuna yana godiya, sannan ya ce, "Ikon Allah, wai duk wannan maleriya ce kawai." Ban ce masa komai ba, don babba ne.

To ga shi a taƙaice. Wanda ya zo daga waje zai shiga daji, ya sha rigakafi. Zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya maleriya ce har sai gwaji ya ce ba ita ba ce. A yi gwajin a ranar, ba gobe ba, kuma ba a kemis ba.

Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kullum, a ci gaba har kwana bakwai bayan an fita. Doxycycline ya fi araha, amma sai an yi mako huɗu ana sha bayan dawowa, kuma a nan mutane suke yasar da shi, da sun ga sun iso gida lafiya sai su jefa kwalin a durowa. Mai ciki da ƙananan yara ba nasu ba ne. A sha shi da ruwa mai yawa, kada a kwanta nan take. Man sauro a duba a ga yana da DEET, a shafa tun la'asar sakaliya, riga mai dogon hannu, gidan sauro ko a cikin tanti ne.

Sai maganar katin rigakafin cutar shawara, wadda ta ishe ni. Har yanzu ana samun mai zuwa ya ce, likita, a buga min hatimi kawai, jirgina jibi ne. Ba na bugawa. Allura ɗaya ce tak, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta isar wa mutum har ƙarshen rayuwarsa, sai dai tana bukatar kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Masu sayar da katin bogi a bakin filin jirgi ba za su bi ka daji ba. Kuma ba sai an ƙetare iyaka ba: a 2019 cutar ta ɓarke a Bauchi, aka gano tana da alaƙa da Yankari, an rasa rayuka cikin waɗanda suka je yawon shaƙatawa. Mai zuwa Yankari ma ya yi allurar.

Ruwa kuwa a tafasa ko a tace, a riƙe ORS da yawa a jaka. Kada a faɗa kowane tafki don zafi ya dame ka, tsargiya ba ta nuna kanta sai bayan makonni. Mai sikila ya ga likitansa kafin ya ce zai hau dutse. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗebi maganin da ya fi kwanakin tafiyar, a jakar hannu.

Maciji: a zazzage takalmi da safe kafin a zura ƙafa, kada a fita fitsarin dare babu tocila. In kububuwa ta yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. A hana ƙafar motsi, a nufi asibiti. Tun kafin a bar gida a san wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin dafi, don daga cikin dajin Gashaka zuwa garin Serti ma tafiya ce, balle asibitin Kaltungo.

Kuma zan sake faɗa, don na san za a manta. In zazzaɓi ya zo bayan an dawo, ko da wata uku ne, ko a Landan kake ko a Jidda, ka gaya wa likita inda ka je tun kafin ya tambaye ka. Likitan can ba lallai ne ya kawo maleriya a ransa ba, zai iya cewa mura ce ya sallame ka da paracetamol.