Cire "Indomi" Daga Salansar Motar Dizal: Abin da Ke Faruwa da Inji da Ƙwaƙwalwar Mota

Mota mai amfani da man dizal ta fara rage ƙarfi, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban direba, shan mai ya ƙaru. Da an kai ta gareji, sau da yawa maganar da mai mota zai ji ita ce: "Alhaji, indomin ne ya toshe, a fasa a zubar kawai a huta." Indomi shi ne sunan da bakanikai a Najeriya suka laƙaba wa na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, saboda cikinta ƙananan ramuka ne jere kamar saƙar zuma. Shawarar tana da sauƙi a baki, amma a motar dizal ta zamani takan jawo asarar da ta ninka kuɗin gyaran farko. Wannan darasi zai bayyana abin da ke cikin salansar, dalilin toshewarsa, da abin da ya kamata a yi kafin a ɗauki guduma.

Abubuwa uku ne, ba ɗaya ba

Kuskuren farko shi ne ɗaukar duk abin da ke cikin salansa a matsayin abu guda. A motar dizal ta zamani akwai na'urori har uku, kowacce da aikinta.

Ta farko ita ce DOC, wadda ita ce ainihin indomin dizal. An shafe ramukanta da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta, waɗannan ƙarafa sukan juya iskar kabon monoksayid mai guba da ragowar man da bai ƙone ba su koma kabon dayoksayid da tururin ruwa. Hayaƙi wucewa kawai yake yi ta cikinta, ba ta riƙe komai.

Ta biyu ita ce DPF, wato matatar kunkunniya. Ita an toshe ramukanta ne ɗaya bayan ɗaya, wannan ta gaba, na kusa da shi ta baya, don dole hayaƙi ya ratsa ta jikin bangon ramin ya bar baƙar ƙura a ciki. Kamfanin Peugeot ya sanya ta a motar fasinja ƙirar 607 a shekarar 2000, kuma daga 2009 da ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki a Turai, kusan duk ƙaramar motar dizal da aka ƙera domin kasuwar can tana ɗauke da ita.

Ta uku ita ce SCR, wadda ta yawaita bayan zuwan ƙa'idar Euro 6 a 2014. Tana aiki da wani ruwa da ake kira AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin ɗari nasa sinadarin yuriya ne, sauran kuma tataccen ruwa. Aikinta shi ne mayar da iskar NOx ta koma naitirojin da ruwa.

Yadda matatar ke wanke kanta

Matatar da ke tara ƙura dole wata rana ta cika, don haka aka tsara ta ta riƙa ƙone abin da ta tara. Kunkunniya tana ƙonewa ne a zafin da ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, kuma hayaƙin dizal ba ya kai wannan zafi a tuƙin cikin gari. Nan ne ƙwaƙwalwar mota, wato ECU, take shigowa. Akwai sensa da ke auna bambancin matsin iska tsakanin gaban matatar da bayanta. Idan bambancin ya yi yawa, ƙwaƙwalwar ta san matatar ta fara cika, sai ta umarci nozul ya ƙara fesa ɗan mai a ƙarshen zagayen ƙonewa. Wannan man ba ya ƙonewa a cikin inji, yana bin hayaƙi ne ya isa DOC, a can ya kama, zafi ya tashi, ya ƙone ƙurar da ke cikin DPF.

Wannan ya nuna cewa na'urorin biyu ɗan juma ne da ɗan jummai. Wanda ya fasa DOC ya bar DPF ya kashe murhun da ke ƙona ƙurar, kuma ba da jimawa ba matatar za ta toshe gaba ɗaya.

Me ke kawo toshewa?

Toshewa alama ce, ba ita ce cutar ba. Abubuwan da suka fi haddasa ta su ne gajerun tafiye-tafiye da cunkoson gari, inda ake kashe mota kafin ta gama ƙone ƙurarta. Nozul da ke ɗigar mai. Bawul ɗin EGR da ya maƙale. Turbo da ke yoyon baƙin mai cikin salansa. Da kuma sensa da ta lalace tana ba ƙwaƙwalwa bayanin ƙarya. Baƙin man da bai dace ba ma yana barin toka, ita kuwa toka ba ta ƙonewa kamar kunkunniya. Shi ya sa masu ƙera motoci da dama ke sharɗanta mai mai ƙarancin toka, irin wanda ke ɗauke da alamar ACEA C3 ko makamancinta.

Sai kuma ingancin dizal ɗin kansa. Tun 2009 dizal ɗin da ake sayarwa a Tarayyar Turai bai wuce kashi 10 cikin miliyan na sinadarin sulfa ba. A Afirka ta Yamma an daɗe ana sayar da mai ɗauke da har kashi 3,000 cikin miliyan, lamarin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa a rahotonta na 2016. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50. Sulfa tana lulluɓe ƙarafan da ke cikin DOC ta rage musu ƙarfi, don haka motar da aka ƙera domin man Turai takan sha wahala idan ta jima tana shan mai mai datti.

Abin da ke biyo bayan cirewa

A tsofaffin motocin dizal da DOC kaɗai suke da ita, sau da yawa fitila ba ta kunnuwa bayan an cire. Sai dai ƙarin ƙarfin da ake zato ɗan kaɗan ne, domin DOC mai lafiya ba ta tare iska sosai. Abin da ake samu tabbas shi ne wari mai hawa kai da iskar guba da ke fita ba tacewa.

A sababbin motoci kuwa, ƙwaƙwalwa tana gane an taɓa wani abu. Sensa za ta aiko da adadin da bai yi daidai da lissafinta ba, sai ta rubuta lambar matsala, ta kunna fitila, wani lokaci ta taƙaita ƙarfin inji don kare shi. Wata motar takan ci gaba da fesa ƙarin mai don ƙone ƙurar matatar da babu ita, wani ɓangare na man ya gangara ya tsinka baƙin mai, wanda hakan ke cinye ƙarafan inji a hankali.

Don kauce wa haka ne masu cirewa ke sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwar, su kashe sashen da ke lura da matatar. Haɗarin a nan irin wanda duk mai rubuta manhaja ya sani ne: goge saƙon gargaɗi ba ya gyara kuskure, ɓoye shi kawai yake yi. Idan nozul ne ke ɗiga tun farko, zai ci gaba da ɗiga, kuma babu sauran fitilar da za ta faɗa. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet ba tare da sanin wanda ya rubuta shi ba yana iya rikita lissafin mai da turbo, ko ya kashe ƙwaƙwalwar ɗungurungum.

Doka da lafiya

A watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo cutar daji ga ɗan Adam. Masu shaƙarsa kuma ba mai motar kaɗai ba ne, har da mai talla a bakin titi, ɗan acaɓa da ke bin bayanta, da yaran da ke tsakar gida lokacin da ake ɗumama ta da safe.

A Birtaniya, tun Fabrairun 2014 motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin shekara-shekara na MOT, kuma tarar tuƙa ta tana kai fam 1,000, ta motar ɗaukar kaya kuma fam 2,500. A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta taɓa waɗannan na'urori. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Satumbar 2015 aka bankaɗo cewa Volkswagen ya sanya manhajar da ke gane lokacin gwaji a motocin dizal kimanin miliyan 11, ta yadda a kan titi wasu ke fitar da NOx har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda.

Matakan da suka fi dacewa

Na farko, a karanta matsalar kafin a kwance komai. A ƙarƙashin sitiyari akwai kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Da ƙaramar na'ura irin ELM327 da manhajar waya kamar Torque, mai mota zai iya ganin lambar da kansa. P2463 na nufin kunkunniya ta taru a DPF, P2002 na nufin matatar ba ta tacewa yadda ya kamata, P0420 ta shafi raunin indomi, P0401 kuma ƙarancin iskar EGR ce.

Na biyu, idan fitilar DPF ce kawai ta kunnu kuma motar ba ta rage ƙarfi ba, tuƙi na minti 15 zuwa 20 a babbar hanya da gudun da ya haura kilomita 65 a awa yakan ba ta damar ƙone ƙurar. Na uku, idan hakan bai yi ba, bakanike mai na'urar gwaji zai iya tilasta ƙonewar, a fili, nesa da busasshiyar ciyawa. Na huɗu, matatar da toka ta cika ana kwance ta a wanke da injin da aka yi domin hakan a mayar. A kowane hali, sai an gyara tushen matsalar, in ba haka ba za ta dawo.

Mai sayen motar da aka yi amfani da ita ya leƙa ƙarƙashinta ya duba ko akwai sabuwar walda a jikin tukunyar salansa, ya kuma shafa yatsa a bakin bututun idan ya huce. Motar da DPF ɗinta ke aiki ba ta barin baƙi sosai. Haka nan, ƙarafan da ke cikin indomi suna da masu saye, don haka idan aka matsa wa mai mota lamba a kan a cire, yana da kyau ya nemi a nuna masa lambar matsalar tukuna, kuma duk abin da aka kwance daga motarsa a miƙa masa a hannu.