Sanyin Can Ba Irin Namu Ba Ne

Ɗana, tunda Allah ya nufa za ka tafi karatu Kanada, ga wata magana da nake so ka riƙe tun kafin ka hau jirgi. Ka san hunturu, ka san kaushi da faso, ka san yadda leɓe ke tsagewa har ya yi jini. Amma hunturunmu bushe fata kawai yake yi, man kaɗanya ya ishe shi. Ranar da aka wayi gari Kano tana digiri 12, kowa dunƙulewa yake cikin bargo. A birnin Winnipeg na Kanada kuwa, daren Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, wani lokacin har ya zarce 30. A can naman jikin mutum ne da kansa yake daskarewa.

Idan sanyi ya tsananta, jiki yakan tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa yatsu, kunnuwa, hanci da kumatu, don ya tattara ɗumi wajen zuciya da kayan ciki. Da jini ya ja baya, sai ruwan da ke cikin naman wurin ya fara zama ƙanƙara, yana lalata shi. Iska kuma tana ƙara wa abin sauri. Hukumar yanayi ta Kanada na gargaɗin cewa in sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da aka bari a buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Jiran bas kaɗai ya isa.

Da fari za ka ji zogi, kamar ana tsira maka allura. Can sai zogin ya ɗauke, ka ce alhamdulillahi, na saba. Ba sabo ba ne, ɗana, yatsan ne ya daina ji. Littattafan mutanen can za su ce maka fata tana yin ja sannan ta yi fari fat, amma mu baƙaƙe ba lallai ka ga haka ba. Tamu takan yi toka-toka ne. Don haka ka riƙa taɓawa: in ka ji wurin ya yi tauri, ba ya jin taɓi, to maza ka nemi ɗaki. Binciken da aka yi tsakanin sojojin Birtaniya da na Amurka ma ya nuna 'yan asalin Afirka sun fi saurin samun wannan rauni.

A Disambar 2016 wasu maza biyu 'yan Ghana suka tsallaka daga Amurka zuwa lardin Manitoba na Kanada da ƙafa, cikin dare, cikin dusar ƙanƙara, suna neman mafaka. Wani direban babbar mota ne ya tsaya ya cece su. Sun tsira da rai, amma sai da likitoci suka yanke musu kusan dukkan yatsun hannu.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne al'adarmu ta jin ɗumi. Mu da sanyi ya kama mu, wuta muke nufa, mu miƙa hannu, mu murza tafi. Can kada ka kuskura. Yatsan da ba ya ji zai ƙone a jikin hita ba ka sani ba, murzawa kuma ƙara dagargaza naman take yi. Ka cire zobe da jiƙaƙƙen kaya, ka tsoma wurin cikin ruwan ɗumi daidai zafin jiki, digiri 37 zuwa 39, na kamar rabin awa. Zai yi ciwo sosai, ka daure. In babu ruwa, ka cusa hannun a hammata. In bororo ya fito kada ka fasa, ka tafi asibiti, balle in akwai jini a cikinsa. In kuwa ka san dole sai ka sake komawa cikin sanyin, gara ka bar shi a daskare har ka isa masauki, domin narkewa a sake daskarewa ya fi muni.

Taba sigari tana tsuke jijiyoyin jini, takalmi mai matsewa ma haka, sai ka sayi wanda zai ɗauki safa mai kauri. Ka bar yin kwalliya da kai a buɗe, ka sa hular da za ta rufe kunne. In ka yi alwala, ka goge hannu da ƙafa su bushe sarai kafin ka fita, ka kuma tambayi malaman masallacinku hukuncin shafa a kan huffi, zai yi maka amfani.