Daga Ayarin Raƙuma Zuwa Wayar Hannu: Darasi Ga 'Yan Kasuwa

 Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako yana magana ne a kan yadda hanyar ciniki ta yi ta canzawa a Fagge da Sabon Gari, da kuma abin da ya wajaba ɗan kasuwa Musulmi ya sani game da haka.

Asalin Fagge zango ne na fatake, inda ayarin Buzaye yake sauke gishiri da kanwa. A zamanin nan fuskar Kano arewa take kallo. Baturen nan Barth, da ya zo a 1851, ya tarar ana ɗaukar saƙin Kano da rininta har Tambutu da Tarabulus. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, aka fara jigila a 1912. Nan take ciniki ya juya baya ga hamada, ya fuskanci teku. Gyaɗa ta yi daraja, Alhaji Alhassan Ɗantata ya yi fice a sayenta, aka kafa Sabon Gari domin baƙin da jirgi ya kawo daga kudu, Kwara kuma suka buɗe kantunan yadi a Fagge, watau asalin Kantin Kwari ke nan.

Juyi na biyu man fetur ne ya kawo shi. Yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 ya sa kuɗin mai ya ninka kusan sau huɗu, alhali kuwa fari na cin amfanin gona a nan arewa. Dalar gyaɗa ta ɓace, aka koma dogaro da kuɗin mai. Da mai ya faɗi, gwamnati ta karya darajar naira a 1986, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka shiga wahalar sayen kayan aiki daga waje. Juyi na uku daga gabas ya taso: Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, atamfarta mai araha ta cika Kwari, masaƙunmu da yawa suka rufe. A wannan shekarar ce kuma wayar hannu ta shigo Nijeriya. Yau mutum yana zaune a rumfarsa zai ga hoton kaya a Guangzhou, ya yi ciniki, ya biya, bai ɗaga ƙafa ba.

To, mene ne rabon ɗalibi a cikin wannan tarihi? Tun a Ahalari aka koya mana cewa bai halatta baligi ya aikata wani abu ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. An kuma ruwaito Sayyidina Umar yana hana wanda bai san fiƙihun ciniki ba sayarwa a kasuwa. Saboda haka ga mas'aloli uku da wannan zamani ya sa a gabanmu.

Ta farko, sayen abin da ba a gani ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da kayan da ba su a wurin ciniki muddin an siffanta su siffa bayyananniya. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya halatta ma sayen abin da ke ƙunshe cikin dila bisa takardar da ta bayyana adadinsa da irinsa, wadda ake kira barnamaj. Ashe kwantena da takardarta ba baƙuwar mas'ala ba ce. Idan kaya suka zo daidai da siffa, ciniki ya lazimta. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Amma fa idan kayan suna nesa, bai halatta a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin su iso ba, domin kuɗin zai zama tsakanin farashi da rance. Wanda dole sai ya fara biya, to ya ƙulla cinikin a bisa salam, watau ya ba da kuɗi duka, a ambaci iri da adadi da ajali, kayan su zama bashi a wuyan mai sayarwa. Hoton da aka ƙawata don ya ɓoye aibin yadi kuwa algus ne, daidai da na mai jiƙa hatsi.

Ta biyu, canjin kuɗi. Wapa tana nan a Fagge, kowa ya san aikinta. Sharaɗin canji shi ne hannu da hannu kafin a rabu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa shigar kuɗi cikin asusun mutum na banki daidai yake da karɓa da hannu. Don haka wanda ya miƙa dala, naira ta faɗa asusunsa suna tare, cinikinsa ya inganta. Wanda kuwa ya karɓi dala yau a kan zai turo naira jibi, ya faɗa ribar jinkiri, ko da bai ƙara kwabo ba.

Ta uku, bashi idan kuɗi ya karye, kuma ita ce ta fi raba zumunci. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutum ya ranta wa ɗan'uwansa naira miliyan ɗaya, ranar biya ba za ta sayi rabin dilolin da take saye a da ba. Me zai karɓa? Majalisar nan, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsaya a kan cewa bashi ana biyansa da misalinsa: miliyan ɗaya aka ranta, miliyan ɗaya za a mayar. Sharɗanta ƙari riba ce. Wanda yake tsoron karyewar naira, sai ya ba da rancen tun farko da abin da yake so a mayar masa, dala a mayar da dala, buhun shinkafa a mayar da buhun shinkafa. Shi kuma mai biya, idan ya ƙara wani abu don kansa ba da sharaɗi ba, wannan kyakkyawan biya ne. Amma mawadacin da ya riƙe kuɗin mutane da gangan yana jira su zube, zalunci ya yi.

Maganin yawancin rigimar nan yana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta isa ishara ga mai ajiye littafin bashinsa a rumfa kaɗai. A rubuta adadi da irin kuɗi da ranar biya, kowane ɓangare ya riƙe nasa.

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. Raƙumi ya ba jirgi hanya, wuri ya ba sule, sule ya ba naira, gobe ma wani abu zai zo. Ɗan kasuwa ya koyi sabon abin da kyau, ya kuma je ga malamai ya tambayi hukuncinsa kafin ya zuba dukiyarsa. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin mutane, amin.