Ya Karanta, To Ya Gane?

 Ɗana, labari ya iso mini cewa an ba ka aji uku a wata firamare ta ƙasar Tsanyawa. Madalla. Ba ƙaramar amana aka ɗora maka ba. Yaron da ya bar aji uku yana gane abin da ke rubuce, sauran tafiyar ta yi masa sauƙi. Wanda ya bar shi bai gane ba kuwa, haka zai yi ta jan ƙafa har aji shida, ana ganin kamar kansa ne ba ya ja.

Ga abin da za ka tarar, in ma ba ka riga ka tarar ba. Za ka rubuta layi huɗu a allo. Ka karanta, yara su amsa. Ka sake, su sake, da murya ɗaya, har mai wucewa a kan keke ya jiyo. Ranka zai yi daɗi. Sai ka tsayar da yarinya guda ka ce, "Hauwa, wa aka ce ya je rijiya?" Shiru. Ta dubi allo, ta dube ka, ta sunkuyar da kai. Kada ka yi fushi da ita. Kunnenta ne ya ɗauka, bakinta ya mayar, maganar ba ta biya ta zuciya ba.

Yaranmu suna da kaifin hadda, kuma baiwa ce. Makarantar allo ta horar da su tun suna ƙanana, safe da yamma. Amma ka lura da yadda magabata suka tsara abin. Bayan allo akwai zaure. A can almajiri zai buɗe Ahalari ko Ishmawi ya ja baƙi, malam ya fassara masa gaɓa gaɓa, ba a wucewa sai an gane. A boko sau da yawa amshin aka ɗauko, aka baro zauren.

Kada ka zaci ku kaɗai abin ya sama. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara abin ya kusa kashi 90. Nan kusa, an gwada karatun Hausa a firamaren Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, aka tarar mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Bayan haka ne littattafan Mu Karanta suka shiga makarantun jihohin biyu. A Kano ma an taɓa yin wani yunƙuri daga 2019 a Wudil da Dawakin Tofa, wadda kake ratsa ƙasarta in za ka birni. An riƙa raba yara gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba gwargwadon ajin da suke ba, dabarar da aka aro daga ƙungiyar Pratham ta Indiya.

Duk wannan alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. In an kira ka bita ka je, ka saurara, ka rubuta. Sai dai bita kwana kaɗan ce. A ba ka takarda, a ba ka ɗan abin mota, ka dawo ka tarar da ajinka yadda ka bar shi: yara cike har bakin ƙofa, littafi ɗaya a hannun mutum biyar, rabin aji sun tafi noma da zarar ruwa ya sauka. Mai koyar da bitar ya koma Kano. Wanda ya rage maka shi ne malamin da bango ɗaya ya raba ajinka da nasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin aji biyu ya riƙe yaranka shekara guda kafin su zo hannunka. Ya san wanda ba ya ji sosai da kunne ɗaya, ya san wadda ke tallan gyaɗa kafin ta zo, ya san wanda Fulatanci ake yi a gidansu. Ba littafin da zai gaya maka wannan.

Saboda haka nasihata ita ce ku riƙa zama. Ba sai an buga takarda daga ofishin sakataren ilimi ba. Rabin sa'a ta isa, sau ɗaya a mako, a gindin darbejiya bayan an tashi yara. Ka san yadda gayya take a garuruwanmu: yau gonar wane, gobe ta wane, kowa da fartanyarsa, aikin da zai ci mutum ɗaya mako a gama shi kafin azahar. To haka. Yau a dubi ajinka, wani makon a dubi na Malama. Mutanen Japan sun fi shekara ɗari suna irin wannan. Malamai su shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon yara, bayan an tashi a zauna a tattauna. Ba wani injin da suke amfani da shi. Ido ne da haƙuri.

Abin da za ku kawo wurin zaman shi ne muhimmi. Kada ka zo da "yaran nan ba sa ganewa." Kowa ya san wannan, za a ce haka ne, a watse. Ka zo da yaro ɗaya, da labari ɗaya, da amsar da ya bayar. Sai a sami abin taunawa.

Misali, yara biyu sun yi shiru a gaban tambaya ɗaya. Kai kana ganin ciwonsu iri ɗaya ne. Wani tsohon malami mai takardar Gireditu zai ce maka, "Malam, ka rufe littafin, ka karanta musu labarin da bakinka, sannan ka sake tambaya." Ka gwada. Ɗayan zai amsa tiryan tiryan. Wannan fahimtarsa lafiya lau, haɗa baƙi da wasali ne ke cinye masa ƙarfi, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ɗayan kuma ko da bakinka ka faɗa ba zai amsa ba, ko da yake karatunsa na gudu. Shi kalmomin ne baƙi a wurinsa, ko bai saba bin zaren labari ba. Maganinsu daban. Na farko a koma masa kan gaɓoɓi, ya yi ta karanta gajerun jimloli har bakinsa ya sake. Na biyu a yi ta hira da shi, a karanta masa, a sa shi ya mayar da labari da nasa kalmomin. Wasu masana biyu, Gough da Tunmer, sun rubuta wannan a 1986. Suka ce fahimtar karatu tana fitowa ne in an ninka iya haɗa baƙi da iya gane magana, in ɗaya ya zama sifili duka ya zama sifili. Tsohon malamin bai taɓa jin sunansu ba, amma ya sani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai batun tambaya, kuma a nan nake so ka daɗe. Ɗauki wannan ɗan labari: Audu ya tafi kasuwa da akuya. Da yamma ya dawo da buhun gero a kan jaki, babu akuya. Yawancin tambayoyin auna fahimta da muke yi su ne, wa ya tafi kasuwa, da me ya tafi, yaushe ya dawo. Yaro mai wayo zai nemo kalmar a layi ya kwafo maka ba tare da ya gane komai ba. To tambaye su, "Ina akuyar?" Labarin bai faɗa ba. Nan za ka ga aji ya farka. Wani zai ce ta ɓata. Wata za ta ce ya sayar. Kada ka yi saurin cewa daidai ko kuskure. Ka ce, "Me ya nuna miki ya sayar?" In ta ce ai ga buhun gero, da kuɗin akuyar ya saya, to wannan yarinya ta karanta. Ɗan manomi ya san wannan lissafi tun daga gida, ya ga an yi a bazarar da rumbu ya yi ƙasa. Abin da bai sani ba shi ne an yarda ya shigo da sanin gida cikin takarda.

Irin wannan tambaya tana da wuyar ƙirƙira in kana kai kaɗai. Ku huɗu kuwa, kafin shayi ya huce kun fitar da goma. Wani ya ce a tambaye su ko Audu ya dawo yana murna. Wata ta ce a tambaye su jakin nasa ne ko na aro. Malamin aji biyar ya ce shi yaransa a kan "ya" da "ta" da "shi" suke ɓacewa, in mutum biyu suka shigo labari ba sa sanin wa ake nufi. Kai ba ka taɓa lura da wannan ba. Gobe ka gwada, ka tarar naka ma haka suke.

Akwai kuma wani abu da rubutun Hausar boko ya ba mu. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. Garin da ake zuwa da garin da ake tankaɗewa rubutunsu ɗaya, sai ma'ana ta raba su. In yarinya ta karanta "Inna ta tankaɗe gari" da muryar garin da ake zuwa, ka san baƙi take bi, ba magana ba. Ka kasa kunne, ka kuma gaya wa 'yan'uwanka su kasa.

Za ka ce ba littattafai. Gaskiya ne. Amma akwai kwali, akwai bayan tsohuwar kalanda. Kowane malami ya rubuta labari mai layi biyar a mako, a kan abin da yara suka sani: roron wake, rijiyar da ta ƙafe, ɗan achaɓan da ya kai mai naƙuda asibiti. Ku yi musanye. Kafin zango ya ƙare kun tara abin da zai zaga aji. In kuna da abokai a makarantun Dumbulum ko 'Yankamaye ko Gurun, ku aika musu, su aiko muku. Kuma in an sami Magana Jari Ce na Abubakar Imam a akwatin wani, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, maƙwabcinku ta ƙasar Katsina, ka karanta wa yara da kanka. Hausar ta fi ƙarfin idon ɗan aji uku, amma ba ta fi ƙarfin kunnensa ba. Ka tsaya a tsakiya, inda labari ya yi zafi, ka ce, "Me kuke zato zai faru?" Ka bar su su yi gardama kaɗan. Surutun nan ba rashin ladabi ba ne.

Na san abin da zai fi hana ka: kunya. Kai mai takardar NCE, ka fito daga Bichi ko Sa'adatu Rimi, ya za ka ce wa abokin aiki ka kasa? Shi ma dattijon yana tsoron ka raina tsohon iliminsa. Kowa ya rufe ƙofar ajinsa, yara ne ke biya. Kai ne ƙarami, kai za ka fara. Ka ce, "Malam, don Allah ka shigo ajina gobe bayan tara, ka duba mini yaran baya." Ba wanda aka taɓa roƙo haka ya ƙi. Matambayi ba ya ɓata. In kai aka gayyata kuma, ka kalli yara, kada ka ƙirga kurakuran malami. Abin da ka gani a ajin mutum ya tsaya tsakaninku. Ranar da ya ji labarinsa a majalisa, zaman ya mutu. Ku sanar da hedimasta don girmamawa, amma kada zaman ya koma dubagari. Ku sa lokacin da malamai mata za su iya tsayawa, su ne sau da yawa suka fi iya bakin ƙananan yara. Zancen albashi da ƙarin girma kuwa, halal ne, amma a ajiye shi sai an gama. In ya shigo da wuri, ba ya barin wuri.

Ka yi tunanin inda abin yake kaiwa. Can gaba Turanci ke karɓe darussa. Yaron da bai saba neman ma'ana cikin harshen uwarsa ba, ba zai nema cikin harshen da bai iya ba. Zai haddace, ya ci jarrabawa ko a ci masa, ya shiga ƙaramar sakandare, a can ya koyi leƙen takardar wani. Uba ya miƙa wa 'yarsa wasiƙa bayan shekara shida tana zuwa makaranta, ta karanta ta kasa gaya masa abin da aka ce. Ba zai yi faɗa ba. Zai dai yi shiru, ƙanwarta kuma ba za a sa ta ba. Saurayi ya riƙe kwalbar maganin feshi bai gane ma'aunin da aka rubuta ba. Uwa ta riƙe maganin jariri, cokali ɗaya ne ko biyu. Mutum ya sa hannu a takardar gona bai san jingina ce ko sayarwa ba. Duk waɗannan sun taɓa zama a gaban wani malami suna amsa karatu da ƙarfi.

Ba na cewa za ku gyara wannan a zango ɗaya. Wasu makonnin ba za a zauna ba, ana biki, ana girbi, wani ba shi da lafiya. Ku dawo mako mai zuwa, ba komai. Wata dabarar za ta yi aiki a ajin Malama ta ƙi a naka. Ka kawo ta wurin zama a duba dalili, wataƙila yaranka ba su kai wurin ba tukuna.

Kafin Alhamis ɗin nan ka rubuta labarin akuyar a kwali, ka gwada shi, ka rubuta amsoshin yara biyar yadda suka faɗe su, kada ka gyara musu. Ka kai wa malamin aji biyu da na aji huɗu, ka ji abin da za su ce. In ka zo hutu ka taho mini da amsoshin, ina so in ji inda yaran Tsanyawa suka kai akuyar nan. Ka gaida hedimasta, ka gaida mutan gida.