Baƙo Ko da Ido Makaho Ne: Yadda Ake Sajewa da 'Yan Gari a Ƙasar Waje

 Mu da muke ajin ƙarshe na difloma, hirarmu a ɗakin kwana yanzu ba ta wuce ina za a dosa bayan jarrabawa. Wani yana neman gurbin ƙaro karatu a Indiya ko Masar, wani yana tara kuɗin Umara, wata za ta bi yayarta Kwatano saro atamfa da leshi, wani kuma Maraɗi kawai zai leƙa da kayan sayarwa. Kowa maganar fasfo da biza da canji yake yi. Abin da ban cika jin ana tattaunawa ba shi ne yadda mutum zai sauka a ƙasar da ba tasa ba, ya shiga cikin jama'a ba tare da an yi masa kallon sabon shiga ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wanda baƙuntarsa ta fito fili shi ake ninka wa farashi, shi ɗan sane yake bi a baya, shi ne kuma ake roƙo ya riƙe wa wani jaka a filin jirgi.

Yadda ake gane baƙo

Ni ɗan Karaye ne, kuma a Kusalla ta ƙaramar hukumarmu sansanin masu bautar ƙasa na Jihar Kano yake. Duk zango ana kawo matasa daga kowane sashe na Najeriya, su yi mako uku a sansani, sannan a rarraba su. Saboda haka tun muna yara mun saba ganin baƙi, kuma ko ba su sa kakinsu ba yaro ɗan firamare zai nuna maka su daga nesa. Da me yake gane su? Baƙo zai tsaya a tsakiyar tasha yana waige-waige, waya a hannu. Zai tambayi kuɗin kaya kafin ya yi sallama. Zai hau acaɓa bai tambayi nawa ne ba, sai an isa a fara jayayya. Zai zaro damin kuɗi don ya sayi rake na ɗari biyu. Zai tsaya ɗaukar hoton amalanke da shanun huɗa, abin da ɗan gari ko kallo bai ishe shi ba.

Amma a cikin waɗanda aka bari a makarantun Karaye da Rogo, akwai masu wayo. Bayan wata biyu za ka ga mutum ya iya "sannu da aiki" da "ina gajiya", ya san farashin kwanon shinkafa, ya san mai shayin da zai zauna wurinsa. Fuskarsa ba ta sauya ba, harshensa ma bai gama faɗawa ba, amma an daina cutarsa. Ashe rabin baƙunta a hali take. To, ranar da ka tsallaka iyaka kai ne wancan mai waige-waigen, kuma yaran can ma suna da ido.

Sai dai a fahimce ni: sajewa daban, ɓad-da-kama daban. A kan titi da cikin kasuwa kake rage alamun baƙunta. A gaban jami'in shige da fice kuwa kai baƙo ne, ka faɗi ƙasarka da abin da ya kawo ka da inda za ka sauka. Wanda ya ce shi ɗan Damagaram ne alhali ɗan Gwarzo ne, tambaya biyu za a yi masa asirinsa ya tonu, abin da bai kai ya kawo ba ya zama laifi.

Magabata sun riga mu

Fataken Kano da suke zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Ba su shiga gari kai tsaye. A zango suke sauka, wurin mai masauki, shi zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya gaya musu wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Unguwannin zango da ke Kumasi da Accra da Kwatano a yau daga irin wannan zama suka samo asali.

Turawa ma da suka shigo ƙasarmu, masu hankalin cikinsu haka suka yi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ɗauki sunan Abdulkarim, yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, kuma duk inda ya sauka sai ya nemi inuwar wani babba a garin. Shugaban tawagarsu da abokin tafiyarsa duk sun mutu a hanya, shi kuwa ya koma Turai a 1855. Babu wanda ya taɓa ɗaukarsa Bahaushe, amma ya san yadda ake gaisuwa da wanda ake fara gaisarwa. Da ɗan gari akan ci gari.

Darasi na ɗaya: takardu su cika

Wanda takardunsa ba su cika ba, jikinsa ne yake fara tona shi, da ya hango kaki sai ya rikice. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, kuma akan nemi katin rigakafin cutar shawara. Ka tabbata an buga maka hatimin shiga. A lura cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka mai zuwa Maraɗi ta Jibiya ko Damagaram ta Kongolam ya tambayi direbobin da suka dawo a makon nan abin da ake nema a iyaka, kada ya dogara da labarin bara. Ka ɗauki hoton fasfonka a waya, ka bar kwafi ɗaya a gida.

Darasi na biyu: ka san inda za ka kafin ka sauka

Mafi haɗarin lokaci a tafiya shi ne mintin goman farko bayan saukarka daga mota ko jirgi. A nan 'yan kamasho da masu neman na banza suke tace fasinjoji. Tun daga gida ka samu lambar wanda zai tarbe ka, ka haddace sunan unguwa da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko kasuwa ko gidan mai, ka kuma san kuɗin mota daga tasha zuwa can. Idan ka ɓace, kada ka tsaya a bakin titi kana juya taswirar waya. Shiga shago ka sayi ruwa, ka tambayi mai shagon. Matambayi ba ya ɓata, amma ba kowa ake tambaya ba: wanda yake zaune a kan sana'arsa ya fi wanda ya taho da kansa yana cewa zai taimake ka.

Darasi na uku: kwana ukun farko na kallo ne

Ka dubi abin da sa'anninka suke sawa ranar aiki, ka bi sahu. Kaftani da hula ba za su sa a kalle ka a Maraɗi ko unguwar Nima ta Accra ba, amma shadda mai sitati da agogo mai walƙiya a cikin kasuwar Dantokpa ta Kwatano tallan aljihunka kake yi. Sabuwar jakar goyo da aka rungume a ƙirji ita ma sanarwa ce.

Ka dubi yadda ake hawa abin hawa. A Nijar ɗan acaɓa kabu-kabu ne, a Kwatano zem ne mai rigar ruwan ɗorawa, a Ghana ƙananan motocin haya tro-tro ake ce musu. Jirgin ƙasa na cikin birnin Alƙahira yana da taragun mata zalla, namijin da ya faɗa ciki ya sha kunya. A Landan, a kan matakala mai tafiya da kanta, dama ake tsayawa a bar hagu ga masu sauri. Masu zuwa Indiya da Uganda da Malesiya da Ingila kuwa su riƙe wannan da kyau: a can ta hagu ake tuƙi. Najeriya ta koma dama tun 1972, idonmu ya saba duba hagu kafin mu tsallaka titi. A can dama za ka fara dubawa. Wannan fa maganar rai ce.

Darasi na huɗu: harshe

Kalma ashirin sun isa su sauya yadda ake kallonka: gaisuwa, godiya, ban haƙuri, "nawa ne", "ya yi tsada", da ƙirge daga ɗaya zuwa goma. Mu Hausawa mun yi sa'a, harshenmu yana ci daga Agadas har Kumasi, kuma a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Na raka kawuna Maraɗi a wani hutu, kafin ya gama gaisawa da mai shago an riga an ce, "Mutanen Kano, sannunku da hanya." Mu Turancin Ingila ya shiga bakinmu, su kuma Faransanci: makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, kwastan duwan, ga kuma jandarma a kan hanya. A zangon Ghana za ka ji an ce wa mace "ya zo". Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Hausarsu ce, kai ne ka zo. Ka rage murya, ka kuma bar siyasar ƙasar mutane ga masu ita, ko da an ja ka da hira a wurin mai shayi.

Darasi na biyar: kuɗi

A nan aka fi kama ɗan Najeriya a Nijar. Da Hausa ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tebur ta ce "dala ashirin", sefa 100 take nufi. Dala ɗari sefa 500 ce. Jika kuwa sefa 1,000 ce, wato dala 200, ba irin jakar 'yan kasuwarmu ta naira 200 ba. Dokar mai sauƙi ce: abin da aka faɗa da dala, ka ninka sau biyar. Ka kuma sani sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Chadi da Kamaru daban. Darajarsu ɗaya, amma takardunsu ba ɗaya ba ne, kuma ba a cin kasuwar wannan da waccan.

Ka raba kuɗinka gida uku: na kashewar yini a aljihun gaba, ƙananan takardu, saura a wuri biyu daban. Kafin ka taya kaya, tsaya ka ga abin da mutum biyu suka biya. Kuɗin mota kuma a gama shi kafin a hau.

Darasi na shida: waya da hoto

Na san wannan ne zai fi yi mana wuya, don kowa yana son 'yan ajinsu su gani a WhatsApp cewa ya fita waje. Amma ɗaga waya a iyaka, ko kusa da barikin soja, ko shingen jami'an tsaro, yana iya jawo a ƙwace ta, ko a tsare mai ita. A Saudiyya ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, balle a yaɗa, laifi ne da doka take hukuntawa. Ka nemi izini, kuma ka bari sai ka bar wuri kafin ka sanar da duniya cewa ka je.

Darasi na bakwai: kayan wani ba naka ba ne

Mu mutane ne masu kara. Dattijuwa ta ce, "Ɗana, taimaka ka riƙe mini wannan ƙullin, kayana sun yi nauyi," sai ka ji nauyin cewa a'a. Masu safarar ƙwaya sun san haka, kuma sabon matafiyi suke nema. A Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda ƙwayoyin da aka samu a wata jaka da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta. Saboda haka ka ɗaure kayanka da hannunka, ka tsaya a auna su a gabanka, ka ƙirga takardun shaidar jaka da aka ba ka su yi daidai da yawan jakunkunanka. Mai roƙo kuma ka ce masa, "Baba, yi haƙuri, doka ta hana." Gogaggen matafiyi ba ya jin kunyar wannan.

Aikin gwaji

Ba sai ka mallaki fasfo za ka fara koyo ba. A hutun nan ka zaɓi kasuwar da ba ka taɓa shiga ba, Kantin Kwari ko Dawanau ko Sabon Gari. Tun daga gida ka san motar da za ka hau da kuɗinta. Ka bar wayarka a aljihu. Ka yi minti goma sha biyar kana kallon yadda ake ciniki kafin ka buɗe baki, sannan ka sayi abu ɗaya. Da ka dawo, tambayi wanda ya san kasuwar nawa shi yake saye. Bambancin da ke tsakanin farashinka da nasa shi ne kuɗin baƙuntarka. Ka maimaita har ya ragu.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai masu tafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.